Shekarar da Muka Ci Bado

Bana zafin bazara ya zo da wuri. Tun kafin a gama kwashe albasa daga fadama, ruwan Ɗiyar Maifure ya fara ja da baya, ya bar baƙar laka tana tsagewa a rana. Ɗiyar Maifure ɗan tafki ne a bayan garinmu, tsakaninmu da gulbin Rima, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san warin lakarta, wari kamar na tsohuwar randa da aka daɗe ba a wanke ba. Da warin nan a hancina na ga wata farar mota ta tsaya a gindin tsamiyar ƙofar maigari, mutum huɗu suka fito. Ban san su ba, ba su yi mini komai ba, amma na ƙi jininsu tun kafin su rufe ƙofar motar.

Aka ce daga jami'a suke, sun zo binciken ƙasa da mutanen da ke zaune a kanta. Kowannensu da irin haukarsa. Ɗaya yana haƙa rami ya ɗebi ƙasa ya murza, har ya shinshina. Ɗaya yana shiga ruwa da takalman roba har gwiwa yana leƙen ciyayi. Na ukun yana da ɗan jirgi mai kukan sauro da yake tura wa sama ya ɗauko hoton gonakin mutane ba sallama. Ta huɗun mace ce, Malama Rabi, ita kuma aikinta shiga gidaje, ta zauna a tabarma, ta sha fura, ta yi ta tambayar sunayen wurare da abin da tsofaffi ke tunawa. Ita na fi tsoro, don ta iya gaisuwa.

Daman tun bara ake raɗe-raɗin za a cike wasu kwaruruka a faɗaɗa noman rani, kuma injinan ban-ruwa na masu albasa sun riga sun sa wa Ɗiyar Maifure baki. Wannan ɗan tafkin shi ne abin da ya rage mana. Uwarsa, Maifure, ta tafi tun ina amarya, kuma na san yadda aka yi ta tafi, domin a gabana aka yi.

A waccan shekarar ban daɗe da tarewa a gidan mijina Sani ba, ina goyon ɗana na fari, Bello. Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, kowa ya fita da sungumi aka yi shuka, gero ya tsiro har ya yi kunne. Daga nan sama ta bushe. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, iska ta taso, mu kwashe shanya da gudu, sai ya watse ya bar mu da zufa. Shukar ta ƙone, aka sake wata da irin da aka ɓoye, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Aka fita roƙon ruwa har da dabbobi. Gulbi da ya saba cika ya malalo fadama ya tsaya cikin gadonsa, yaro ma yana haye shi da ƙafa. Da kaka ta zo, abin da gidanmu ya samu bai rufe gindin rumbu ba.

Sani ya tafi cin rani kudu tare da samarin gari. Aka bar mu da wansa, Yaya Alu, wanda ya zama maigida tun rasuwar mahaifinsu, da uwarsu Gwaggo Tumba, da mu mata da yara. Yaya Alu mutum ne mai son girma. Ko a wannan shekarar bai taɓa fita ba tare da ya naɗa rawani ba. Awaki suka bi hanyar kasuwar Goronyo ɗaya bayan ɗaya, abin da ake dawowa da shi kuwa ba ya kai mako. Muka koma tuwo sau ɗaya a yini, sannan kunu, sannan kunun da kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Nonona ya fara ɗaukewa. Bello ya kama ya tsotsa, ya saki, ya dube ni, ba ya ma da ƙarfin kuka sosai. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, har yau.

Wata asuba cikin sanyi Gwaggo Tumba ta buga mini ƙafa, ta ce in ɗauko babbar ƙwarya da tsummokaran wanki in biyo ta. Muka bi ta bayan gari. Da muka isa Maifure sai na tarar ba mu kaɗai ba ne: matan gidan liman suna can, da na gidan maƙera, har da matar maigari da zanenta ɗaure a ƙirji. Babu wadda ta gaishe da wata. Kowa ta sunkuyar da kai ta shiga ruwa.

Maifure a lokacin tafki ne mai faɗi, mai zurfin da ko a shekarar fari bai ƙafe ba, fuskarsa a rufe da faffaɗan ganyen bado da fararen furanni. Idan furen ya faɗi yakan bar wani ƙullutu a ƙarƙashin ruwa, cike da 'ya'ya ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba. Su muke lalube da hannu. Ruwan yana yanka ƙafa don sanyi, matsattsaku suna manne mana a ƙwauri, mu fizge su mu ci gaba. A wani tudu a bakin tafkin muke shanya abin da muka tsinko, idan ya bushe mu sussuke shi a nan, mu sheƙe, mu rufe da tsummokaran wanki mu kawo gida. Garinsa baƙi-baƙi ne, tuwonsa yana warin ruwa, amma yana zama a ciki. Cikin 'yan kwanaki nono ya dawo mini.

To, a ƙasarmu cin bado abin kunya ne. Abincin wanda ya rasa ne. Gidan da aka ce sun ci bado, sai a yi shekaru ana yi wa 'ya'yansu gori a kasuwa, a wajen neman aure ma a tuna musu. Saboda haka gari guda muna ci, gari guda muna ɓoyewa. Da hantsi kowane gida za ka ji lugude, amma ƙaiƙayi ne a turmin, ana daka ne don maƙwabta su ji. Mu muna yi don gidan liman, gidan liman suna yi don mu, alhali da asuba mun ga juna tsamo-tsamo cikin laka. Maza kuwa ba sa tambaya. Yaya Alu ya zauna ya share akushi, ya suɗe yatsu, ya ce hatsin bana dai baƙi gare shi, Gwaggo Tumba ta ce ai fari ne ya ƙona shi. Da haka ake tashi.

Da sanyi ya wuce 'ya'yan suka ƙare, muka koma kan saiwa. Azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun da hantsi, bangon ɗaki ya yini yana huci. Ruwan tafkin ya ja baya, muna bin sa, muna tona laka da hannu har gwiwar hannu, mu ciro saiwar bado mai kama da ƙaramin gwaza. Ga ƙishirwa, ga ruwa har cinya, ba halin sha. Leɓe ya tsage, miyau ya yi kauri. A bakin tafkin muke hura wuta mu dafa, don kada warin ya tashi a cikin gari, sannan mu kai gida a yi buɗa-baki da ita a ce rogo ne.

Gwaggo Tumba tana da doka ɗaya. Kowace saiwa tana da 'yan tsiro a jikinta, kuma ba a tafiya da su. Sai ka ɓalle su, ka mayar cikin ramin, ka danna da diddige. Ranar da ta ga na jefa wata saiwa a ƙwarya ba tare da na ɓalle ba, don jiri yana ɗibata, ta riƙe mini hannu.

"Ke ɗiyar ga, wadda duk tac ci uwa ba ta maida ɗiya ba, kada ta koma biyo ni. Kin san ko yunwar ga na da ƙanwa bisa hanya?"

A cikin azumin nan ne masu awo suka zo. Lokacin ana ta ayyukan ruwa a ƙasar, ana maganar madatsa da hanyoyin ban-ruwa, baƙi suna yawo da motoci. Waɗannan sun zo da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa ta cikinsa, da sanduna masu ja da fari. Suka tara maza a gindin tsamiyar ƙofar maigari, ita wannan tsamiyar dai. Mu mata muna bayan zana muna leƙe. Tafintansu ya yi tambaya guda: wannan tafkin, me kuke yi da shi?

Aka yi shiru. Wasu na tsoron idan an ce yana da amfani a ɗora masa haraji. Amma babban abin shi ne, ba namijin da zai buɗe baki a gaban baƙi ya ce da me iyalinsa suke buɗa-baki. Yaya Alu ne ya gyara rawani ya amsa.

"Ranka shi daɗe, babu komi cikinta sai sabro da matsattsaku. Ba mu da wani amhwani da ita."

Maza suka ce haka ne. A lokacin nan saiwar bado ce a cikin kowannensu tun sahur. Gwaggo Tumba tana kusa da ni, na ji ta ja numfashi, amma ba ta ce uffan ba, don ɗanta ne ya yi magana, kuma a gaban mutane. Baƙin ba su yi musu ba. Suka kafa turakunsu suka tafi.

Damina ta gaba ruwa ya samu, Sani ya dawo, muka ci gero har muka manta ɗanɗanon laka. Bayan nan aka zo da manyan motoci aka yi jinga ta ƙasa, ta datse ɗan rafin da ke kawo wa Maifure ruwa daga gulbi. Ba a yi wasu shekaru ba ta bushe, aka baje ta. Yanzu shinkafa ce a wurin, kuma ba ta kowa ba ce a garinmu. Gefenta ɗaya da jingar ta bari a waje shi ne Ɗiyar Maifure. Har Gwaggo Tumba ta rasu ba ta sake bin hanyar nan ba, idan za ta gidan 'yarta sai ta zaga ta maƙabarta.

Ni kuwa ban daina zuwa ba. Duk bazara idan ruwa ya ja, ni da wasu tsofaffi biyu da muka yi wancan azumin tare mukan ɗauki tabarmi mu ce za mu wanki. Mu tona kaɗan, mu ɓalle 'yan tsiro mu danna da diddige. Ba yunwa ke kai mu ba yanzu. Bello yana da injin ban-ruwa da babur, albasarsa har kudu ake kai ta, jikokina ko sunan bado ba su sani a matsayin abinci ba. Amma ni na ga shekarar da gero ya ƙi, kasuwa ta ƙi, maza suka watse, tafki kaɗai ya tsaya, don haka ba na iya barin sa.

Shi ya sa da Malama Rabi ta shigo gidanmu na shirya mata. Ta gaishe ni har ƙasa, tana ce mini Inna Hajo kamar a gidan aka haife ta. Ta tambaye ni wane wuri ne a garin nan idan aka wayi gari babu shi zan fi jin zafi. Na ce kasuwar Goronyo. Ta yi dariya ta ce ai wannan ba a garin nan take ba. Ta tambayi tafkin, na ce wanki muke yi. Na lura ba ta gardama, sai dai ta gyaɗa kai ta dube ka, irin kallon mai awon hatsi da ya san mudunka bai cika ba. Da ta fita na aika wa sauran tsofaffin biyu cewa kowa ta kama bakinta. Baƙin wancan karon tambaya ɗaya suka yi suka tafi da Maifure. Waɗannan masu tambaya ɗari, Allah kaɗai ya san da me za su tafi.

Yaya Alu ma, wanda yanzu shi ne dattijon unguwa, yana tafiya da sanda, ya tara 'ya'yansa da namu ya ce kowa ya ce bai sani ba. A kan wannan kam ni da shi bakinmu ɗaya, karo na farko cikin shekaru masu yawa.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne, da yamma su huɗun sukan zauna a gindin tsamiya su baje abin da kowa ya samo. Yara suka ce har musu suke yi, wani ya ce kaza, wani ya ce a'a. Na ji daɗi, na ce ɓarayin ma ba su daidaita ba. Ashe haɗa mu suke yi kamar mai ɗinkin ƙwarya.

Ranar da za su tafi suka roƙi a tara gari, maza da mata. Mu tsofaffi muka zauna a gefe, don yanzu ba mai korar mu bayan zana. Mai jirgi ya nuna hoton tafkin daga sama, ga wata 'yar siririyar hanya ta fito daga bayan gidajenmu ta nufi tudun bakin ruwa, ba ta bi mashayar dabbobi ba. Mai takalman roba ya ce ya bi tafkunan gulbin nan tun daga wajen Rabah, bai ga inda bado ya yi kauri kamar nan ba, kuma a inda ƙafa ke iya kaiwa ya fi yawa, abin da ba haka ya saba gani ba. Mai haƙa rami ya ce a kan tudun ya tarar da toka da gawayi, wani kan wani, na murhun shekaru da yawa. Sannan Malama Rabi ta ce ta ji mata suna kiran tudun Masussuka, alhali ba gonar gero kusa da shi. Kowannensu shi kaɗai bai san komai ba, amma da suka haɗa sai ga mu tsirara a tsakiyar fili. Na ji haushi ƙwarai, na kuma ji kunya kamar an ɗaga mini zane.

Malama Rabi ta ce su ba hukuma ba ne, ba su da ikon hana a cike wuri ko a bar shi. Abin da aka faɗa musu shi za su rubuta, kuma wani lokaci masu yanke shawara suna karantawa, wani lokaci ba sa karantawa. Sannan ta yi tambayar. Kalmomin sun bambanta, amma ita ce dai ta wancan azumin.

Na ga Yaya Alu yana gyara rawani.

"Malama, tabkin ga babu komi cikinai sai sabro da..."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ba don na yarda da baƙin ba, ko kaɗan. Na dai riga na ga abin da wannan amsar ke jawowa.

"Yaya, ka yi haƙuri. Malama, mun ci bado. Shekarar hwari dut garin ga shi munka ci, ɗiya da saiwa, har azumi da shi munka yi. Bello da kuka gani bisa babur, nonon bado ya sha. Gidan da ba a ci ba, mai shi shi tashi in gane shi."

Ba wanda ya tashi. Samari suna kallon iyayensu, iyayen suna kallon ƙasa. Bello ya buɗe baki yana dubana. Wata daga cikin tsofaffin nan biyu ta ja mayafi ta rufe fuska. Na faɗi yadda ake tsinka, da yadda ake tona, da dokar Gwaggo Tumba ta diddige. Na faɗi yadda Maifure ta tafi, ban ambaci sunan kowa ba.

Malama Rabi ta tambaya a hankali yaya ɗanɗanon saiwar yake. Na ce kamar gwaza ne, ba laifi. Sai na ji murya daga wajen maza, ƙasa-ƙasa.

"Ba kamar gwaza ta ba. Ɗaci gare ta, in ba a zubda ruwan hwarko anka sa kanwa ba."

Yaya Alu ne. Bai ɗaga kai ba. Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya bi ta tsakiyar mutane ya shige gida. Tun ranar, idan na gaishe shi sai ya amsa wa bango.

Farar motar ta tafi. Ban san inda maganata take yanzu ba, ko a hannun wa. Wataƙila ta sa a bar mana tafkin. Wataƙila kuma wani mai wayo ya karanta ya ce ashe akwai abin sayarwa a ciki, ya zo da shinge. Bello ya ce na cika zargi, na ce masa zargin ne ya raine shi. Ya dai janye bututun injinsa daga tafkin ba tare da na roƙe shi ba, sauran masu albasa kuwa nasu na nan.

Kullum bayan sallar asuba nakan zaga ta Ɗiyar Maifure in duba ko an kafa turaku masu ja da fari. Har yau ban ga ko ɗaya ba. Amma shekaranjiya, a gefen da ruwa ya ja sabo, na tarar an riga ni. An tona laka wuri-wuri, an mayar, an danne. Sawun diddigen babba ne, ba na mace ba, kuma kusa da kowane sawu akwai ɗan ramin sanda.

An danna su da zurfi fiye da kima, irin aikin wanda bai taɓa yi ba, sai dai ya ji ana faɗa. Na tsuguna zan gyara, sai na fasa, na bar su yadda ya sa su.